Bargon Matafiyi

Sarkin Yamma tana cikin gundumar Madarunfa, a jihar Maraɗi. Tana yamma da birnin Maraɗi, Gulbin Maraɗi kuwa ya ratsa tsakaninsu. Mutanen wannan ƙasa manoma ne da makiyaya da ƴan kasuwa. Da yawa daga cikinsu sukan kwana a waje wani lokaci na shekara. Mai gona da nisa yakan kwana a gonarsa. Makiyayi yakan bi dabbobinsa arewa da damana, ya komo bayan an kawar da amfanin gona. Da kaka ta wuce samari sukan tafi cin rani Maraɗi, ko Katsina, ko Kano, ko Agadas. Almajirai su ma sukan bi malaminsu gari gari.

Duk waɗannan mutane suna da abu guda da ba su barinsa a gida, watau abin rufa. Wani bargo gare shi, wani gwado, wani mayafi mai kauri. Amma ɗaukar bargo daban, isa masauki da shi a bushe daban. Bargon da ya jiƙe a hanya ba shi da sauran amfani a wannan dare. Nauyi kawai ya ƙara wa mai shi.

Damana da ɗari

Lokaci biyu ne suka fi wahalar da mai kwana a waje. Na farko damana ce. A ƙasar Maraɗi ana ruwa daga watan Yuni zuwa watan Satumba, watan Agusta kuwa shi ya fi kowane wata ruwa. Abin da ke sauka a shekara yakan kai wajen milimita 500, wata shekara ya fi haka, wata shekara ya kasa. Hadari yakan haɗu cikin ɗan lokaci kaɗan, ya zo da iska mai ƙarfi. Mai tafiya ba kullum yake samun mafaka ba.

Na biyu lokacin ɗari ne, watau watan Disamba da na Janairu. A lokacin ne iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, daga hamada. Da rana akan ji zafi, amma da asuba awon zafi yakan sauka zuwa digiri 13, wani lokaci ma ƙasa da haka. Can arewa abin ya fi tsanani. Ayarin raƙuman da ke zuwa Fashi da Bilma ɗaukar gishiri da dabino a lokacin sanyi yake ratsa Tenere. A wannan hamada, da kan duwatsun Bagzan, akwai daren da ruwa kan daskare.

Bargo ba shi da wuta

Mutane sukan ce bargo yana da zafi. Gaskiyar magana, bargo ba shi da zafin kansa. In aka lulluɓe dutse da bargo aka bar shi ya kwana, da safe za a tarar da dutsen da sanyinsa. Zafin daga jikin mutum yake fitowa. Jiki yana sarrafa abincin da aka ci, yana samun zafi daga gare shi. Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne, dare da rana.

Zafi kullum yana gudu daga wuri mai ɗumi zuwa wuri mai sanyi. Aikin bargo shi ne ya tare masa hanya. Da me yake tarewa? Da iska. In aka duba bargo da kyau za a ga zare ne da gashi suka sarƙe, tsakaninsu kuwa akwai ƴan ƙananan kafofi da ba su ƙirguwa. Kowace kafa cike take da iska. Iskar da ke tsaye wuri guda ba ta barin zafi ya wuce da sauri. Saboda haka ɗumin jiki yakan taru a ƙarƙashin bargo, mai barci ya ji daɗi.

Dabbobi ma da wannan dabara suke maganin sanyi. Da asubar hunturu akan ga kaza ta kumbura gashinta. Iska take tarawa a tsakanin gashin. Mai sayar da ƙanƙara kuma yakan naɗe ta cikin buhu ko tsohon bargo. Can ma aikin ɗaya ne, sai dai zafin waje ake hana wa shiga.

Abin da ruwa ke yi wa bargo

In bargo ya jiƙe, ruwa ya kori iskar da ke cikin kafofin nan, ya maye gurbinta. Ruwa kuwa ya fi iska saurin ɗaukar zafi wajen sau 25. Nan da nan sai ya janye ɗumin jiki ya kai waje.

Ba nan ɓarnar ta tsaya ba. Ruwa in zai bushe, sai ya ɗebi zafi daga abin da yake manne da shi. Wannan shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin randa, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin na ciki. Wanda ya rufa da jiƙaƙƙen bargo a cikin iska ya mai da kansa randa ke nan.

Abin rufa iri iri ne, ba kuma ɗaya suke ba a wajen ruwa. Gwado da zaren auduga ake saƙa shi. Auduga tana shan ruwa da yawa, tana daɗewa ba ta bushe ba, in ta jiƙe kuwa ba ta tsare ɗumi. Bargon ulu da gashin tumaki ake yinsa, kamar irin wanda masaƙan Fulani ke saƙawa a ƙasar Masina, cikin Mali. Ulu yana iya shan laima har kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa ba a ji shi sharkaf ba. Barguna da yawa da ake sayarwa a kasuwa yanzu kuwa da zaren roba aka yi su. Suna bushewa da wuri, amma suna tsoron wuta. Ko wane iri ne dai, busasshe ya fi jiƙaƙƙe nesa ba kusa ba.

Ƙofofin da ruwa ke shiga

Ruwa yana da ƙofa biyar da yake bi ya iske bargo.

Ta farko ruwan sama. Kowa ya san wannan.

Ta biyu raɓa. In gari ya yi tas da dare, ƙasa da ciyawa sukan huce, sai laimar da ke cikin iska ta kwanta a kansu. Ƙarshen damana da kaka raɓa ta fi yawa, musamman a fadama. Kayan da aka bari a fili sai a wayi gari sun jiƙe, alhali ko ɗigo bai sauka ba.

Ta uku ƙasa. Ƙasar damana tana da danshi ko da samanta ya bushe. Jakar da aka dire a kanta sai ta tsotsi danshin ta ƙasa.

Ta huɗu gulbi da ƙorama. Gulbin Maraɗi ya taso ne daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar, ya wuce ta Maraɗi da Tibiri, sa'an nan ya sake komawa Nijeriya. Yawancin shekara rairayi ne kawai a cikinsa, amma da damana yakan kawo ruwa. Ba abin wasa ba ne. A shekarar 1945 ambaliyarsa ta ci tsohon garin Maraɗi, har aka tayar da garin aka mai da shi kan tudu. In gulbi ya cika yana gudu, mai hankali ba ya shiga. Sai ya jira ruwa ya janye, ko ya bi ta gada. In ruwan kaɗan ne, manya sun tabbatar ana iya ƙetarewa, to, a kai ake ɗora kaya.

Ta biyar ita ce wadda aka fi mantawa da ita, watau ruwan da ke cikin kayan kansu. Gora takan yi yoyo. Murfin kwalbar mai yakan kwance. Rigar da ta jiƙe, in aka cusa ta tare da bargo, sai ta raba masa ruwanta. Gumin bayan mutum ko na jaki shi ma yana ratsa jaka.

Dabarun mutanen da

Tun kafin a san leda, fatake da makiyaya sun san maganin waɗannan ƙofofi. Da fata suke aiki. Majema suna jeme fata da bagaruwa, a shafe ta da mai, ta yi laushi, ruwa ya riƙa zamewa a kanta. Da fatar sa ake ɗinka taiki, wanda ake ɗora wa jaki ko takarkari. Da fatar akuya ake yin burgami. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta. Almajiri kuma yana da gafaka, inda yake ajiye takardunsa.

In za su ɗaure kaya, tufafi da abin rufa su ke tsakiya. Sai a naɗe su da tabarma ko agalemi, a ɗaure tam da igiya. Salkar ruwa kuwa dabam ake rataye ta, ba ta haɗuwa da tufa. A zango agalemin nan shi ne shimfiɗa, gashin yana sama. Yana raba jiki da sanyin ƙasa.

Jakar goyo da jakar barci

Yanzu samari da ƴan makaranta sun fi riƙe jakar goyo, wadda ake saɓawa a baya da maɗauri biyu. Tana da amfani, don hannuwa biyu suna sake, nauyi kuma ya rabu a kafaɗu. Amma yawancin jakunkunan nan ba su tare ruwa sosai. Ko yadin bai sha ba, ruwa yana bi ta ɗinki da ta zif.

A ƙasashe masu sanyi akwai wani abin rufa da ake kira jakar barci. Bargo ne da aka ɗinke kamar buhu, mutum ya shige ciki, fuska kaɗai ke waje. A shekarar 1876 wani ɗan kasuwa na Birtaniya mai suna Pryce Jones ya fito da wani bargon ulu da ake ninkewa a rufe gefensa, da matashin kai na roba da ake hura wa iska. Ana lissafta shi cikin mafarin jakar barci. Ta yanzu akan cika ta da lallausan gashin agwagwa ko dinya, ko kuwa zaren roba. Sojoji da masu hawan duwatsu su ke yawan amfani da ita. Gashin agwagwa ya fi kome riƙe ɗumi, amma da ya jiƙe sai ya dunƙule, iska ta fita, amfaninsa ya ƙare. Saboda haka dokar mai jakar barci da ta mai gwado ɗaya ce: kada ruwa ya taɓa.

Yadda ake shirya jaka

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ana gobe za a tashi ake fara shiri.

1. A shanya bargo a rana, a kakkaɓe shi. Ba a ɗaure bargo mai laima.

2. A nemi leda biyu masu kauri, babba da ƙarama. A hura musu iska, a riƙe baki, a matsa. In iska na fita, akwai huda, sai a nemi wata.

3. A zura babbar ledar cikin jaka, ta zama kamar rigar ciki. Duk abin da ba a so ya jiƙe a cikinta zai shiga.

4. A ninke bargo, a naɗe shi kamar tabarma, ana dannawa da gwiwa don ya ƙanƙance. A sa shi cikin ƙaramar leda, a matse iskar da ta rage. A murɗe bakin ledar, a lanƙwasa shi ya kalli ƙasa, sa'an nan a ɗaure da igiya. Bakin da ya kalli ƙasa ruwa ba ya hawa ya shiga.

5. A sa bargon can gindin jaka. Dalili biyu ne. Ba a bukatarsa sai dare, don haka ba za a yi ta fito da shi a hanya ba. Kuma ba shi da nauyi kamar hatsi, ga shi da laushi, sai ya zama matashi ga sauran kaya.

6. A bisa bargo sai tufafin canji. Cikinsu a keɓe riga guda da hula na barci kaɗai. Sa'an nan a murɗe bakin babbar ledar, a ɗaure kamar ta farko.

7. Kaya masu nauyi, kamar gari da ƴar tukunya, a sa su tsakiya, dab da bayan mai ɗauka. In nauyi ya yi nisa da baya, jaka takan riƙa jan mutum baya, ya gaji da wuri.

8. Abin da ake bukata a hanya shi ne a sama: guzuri, da tocila, da ledar da za a yafa in hadari ya taso. Ashana a sa ta cikin ɗan gwangwani mai murfi.

9. Ruwan sha da mai ba su shiga inda bargo yake. A aljihun gefe ake sa su, a tsaye, ko a riƙe a hannu. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. In ta zube a jaka, ta isa ta ɓata kwanan dare.

10. Tabarma a naɗe ta, a ɗaure a waje. In ta jiƙe tana bushewa da wuri. Tufar da ta jiƙe a hanya ita ma a waje ake rataye ta.

Wanda ba shi da jaka sai ya yi da buhu. In a kai za a ɗauka, ko a jaki, ko a amalanke, bargo dai ya zauna tsakiya cikin ledarsa, nesa da jarkar ruwa, nesa da bayan dabba.

Kada kuma kaya su fi ƙarfin mai ɗauka. Likitoci da yawa suna ba da shawara kada jakar yaro ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin jikinsa.

Leda tana da nata sharri. A shekarar 2014 Nijar ta kafa dokar hana ledoji marasa kauri, don suna ɓata gonaki, dabbobi kuma suna cinsu su mutu. Matafiyi ya riƙe mai kauri, ya yi ta amfani da ita, kada ya yar a daji. Ba a kuma barin ƙaramin yaro ya sa kansa cikin leda, don tana toshe numfashi.

A masauki

In an isa, sai a zaɓi wuri mai ɗan tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, inda kuma akwai abin tare iska, kamar danga ko bango. Ba a kwana a cikin gulbi ko ƙorama da damana, ko da a bushe suke, don ruwan da aka yi can nesa yana iya isowa cikin dare. In ana tsawa, ba a fakewa gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili.

A fara da shimfiɗa. Mutum in ya kwanta, nauyinsa yana matse bargon da ke ƙarƙashinsa, iska ta fita, ƙasa ta yi ta zuƙe ɗumin jikinsa. Saboda haka leda ce a ƙasa, sa'an nan busasshiyar ciyawa ko kara, sa'an nan tabarma. Jaka kuma a rataye ta, ko a ɗora ta bisa dutse.

Ba a kwance bargo sai an zo kwanciya. In aka shimfiɗa shi tun magariba, raɓa za ta riga mai shi. Da an fito da shi sai a kakkaɓe da ƙarfi, ya buɗe, iska ta koma cikin kafofinsa. A tuɓe rigar da ta sha gumi, a sa ta barci, a sa hula. A ci abinci kafin a kwanta, don abinci shi ne itacen wutar jiki. Da damana a ɗaura sange, saboda sauro ne ke kawo masassara.

Kada a naɗe jiki da leda a bisa bargo. Jiki yana fitar da laima duk dare, ko ba a ji gumi ba. In leda ta hana ta fita, sai ta taru ta jiƙa bargon ta ciki. In ana tsoron ruwa ko raɓa, a ɗaure ledar sama kamar rumfa, iska na wucewa ta ƙarƙashi.

Da safe a kakkaɓe bargo da takalma, don kunama na son wuri mai ɗumi. A shanya shi ya sha rana kafin a ɗaure. In an komo gida, a fitar da shi daga leda. Bargon da ya daɗe a ƙunshe yakan yi fumfuna da wari. A rataye shi a igiya, inda gara ba ta kai gare shi.

In sanyi ya kama mutum

Wani lokaci duk da dabara bargo yakan jiƙe. Sai a matse shi, a shanya a iska. In da wuta za a busar, a tsaya nesa da ita, a kuma tsare shi, don bargon zaren roba yana narkewa, yana kamawa nan da nan. Ba a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, wadda ba a gani, ba a kuma jin warinta. Tana kashe mutane cikin barci.

In zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, akwai hatsari. Jarirai da tsofaffi da marasa lafiya su suka fi saurin kamuwa. Alamun su ne makyarkyata mai ƙarfi, da harɗewar harshe, da ruɗewa, da jin barci mai nauyi. Wanda aka ga haka gare shi, sai a kai shi inda ba iska, a tuɓe masa jiƙaƙƙun tufafi, a lulluɓe shi da busassu har kai. In yana cikin hankalinsa, a ba shi kunu mai ɗumi. Sa'an nan a gaggauta kai shi asibiti. Rigakafi dai ya fi magani, rigakafin kuwa tun daga ɗaurin kaya yake farawa.

Gwaji

A sami kwalba uku iri ɗaya. A cika su da ruwa mai ɗumi, a rufe. A naɗe ta farko da busasshen tsumma, ta biyu da jiƙaƙƙe, ta uku a bar ta haka nan. A ajiye su a inuwa, inda iska ke kaɗawa. Bayan minti 30 a taɓa ruwan kowace. A rubuta abin da aka gani.

Tambayoyi

1. Daga ina ɗumin da ke ƙarƙashin bargo yake fitowa?
2. Me ya sa jiƙaƙƙen bargo ba ya maganin sanyi?
3. Waɗanne ƙofofi biyar ne ruwa ke bi ya iske bargo?
4. Don me ake lanƙwasa bakin leda kafin a ɗaure?
5. Yaro mai nauyin kilo 30, kilo nawa ne kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa? In ya ɗauki lita 2 ta ruwa, kilo nawa ya rage masa na sauran kaya?
6. A tambayi wani dattijo yadda ake ɗaurin kayan tafiya a zamanin ƙuruciyarsa, a kawo bayanin aji.